Idan Ƙwari Suka Kama Tsiron Da Ke Cin Ƙwari: Wane Magani Ne Ba Zai Kashe Shi Ba?

Ka sayi tsiron nan mai cin ƙwari, ka ajiye shi a bakin taga, kana jin daɗin kallon yadda yake rufe baki a kan ƙuda. Bayan wata biyu sai ka ga sabbin ganye suna fitowa a murɗe, tarkon ya ƙanƙance, wani ma tun bai buɗe ba ya bushe. Ka kawo ido kusa, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari kore-kore sun yi cincirindo a tsakiyar tsiron. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne: wai yanzu mai cin ƙwari ne ƙwari ke ci? E, haka ne, kuma duk mai kiwon irin waɗannan tsirrai ya taɓa gamuwa da hakan.

Tunani na biyu shi ne mai haɗari. Za ka so ka ɗauko abin da ka saba fesa wa tumatur ko fulawa, ko ka dama sabulu da ruwa kamar yadda ake ta ba da shawara a intanet. A nan ne mutane da yawa ke ƙarasa tsiron da hannunsu, ƙwarin kuma su ɗauki laifi. Maganin da ake kira mai sauƙi a kan barkono ko lemo yana iya zama guba ga wannan tsiron, kuma dalilin yana cikin yadda jikinsa yake. Sannan tunda a ɗaki yake, inda kake kwana, yara ke wasa, kyanwa ke yawo, dole maganin ya zama wanda ba zai cuci mutanen gidan ba su ma.

Kafin mu ci gaba, bari mu san waɗanda muke magana a kansu. Tsirrai masu cin ƙwari sun haura iri 600 a duniya, amma biyar ne aka fi samu a gidajen mutane. Ba su da sunan Hausa, don haka zan laƙaba musu na wucin gadi. Akwai mai tarko, wato Dionaea, wanda asalinsa wani ɗan yanki ne a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Akwai mai raɓa, Drosera, wanda ganyensa ke cike da gashi mai ɗigon danƙo. Wanda aka fi sayarwa daga Afirka ta Kudu ya fito. Akwai mai tulu, Nepenthes, na dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya irin su Borneo da Sumatra. Akwai mai kakaki, Sarracenia, na Arewacin Amurka, wanda ganyensa ke miƙewa tsaye kamar kakakin fada. Sai mai maiƙo, Pinguicula, mai ganye shimfiɗe da santsi, wanda yawancin na kasuwa 'yan Meziko ne.

Me ya hana tarkon ya kare su?

Tarko an yi shi ne don baƙon da ya zo neman zaƙi, ya sauka a inda aka shirya masa. Ɗauki mai tarko. A cikin kowane tarko akwai 'yan gashi, yawanci uku a kowane ɓangare. Sai ƙwaro ya taɓa su sau biyu cikin kimanin daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin tarkon ya rufe, kuma taɓawar sai ta kai ta lanƙwasa gashin. Ƙwaron darɓa, wanda manoman dawa da wake suka sani sarai, tsawonsa bai wuce milimita biyu ko uku ba, kuma ba yawo yake ba. Yana samun wuri mai taushi ne ya soka bakinsa mai kama da allura ya yi ta zuƙar ruwan tsiron. Wuri mai taushin nan kuwa shi ne jaririn ganyen da ke tsakiya, wanda tarkonsa bai ma gama haɗuwa ba, ko sandar fure, ko bayan ganye inda babu danƙo. Shi ya sa ɓarnar ba ta bayyana sai ganyen ya girma ya fito a karkace.

Akwai ma ƙwarin da suka mayar da waɗannan tsirrai gida. A Amurka tsutsar wani malam-buɗe-littafin dare mai suna Exyra tana rayuwa a cikin kakakin Sarracenia tana cin bangonsa, a Turai kuma tsutsar Buckleria tana cin ganyen mai raɓa, danƙon bai dame ta ba. Waɗannan ba za su same ka a ɗaki ba, na kawo su ne don ka ga cin ƙwari bai taɓa zama kariya ba.

A daji ruwan sama na wanke ganye, iska na kaɗawa, ga kuma ƙwarin da ke farautar masu ɓarnar. A ɗaki duk babu. Macen darɓa ba ta buƙatar namiji, 'ya'ya take haifa kai tsaye, kuma cikin mako guda ko kwana goma 'yar ta fara haihuwar nata. Guda biyar da suka shigo a jikin sabon tsiro sun isa su cika tukunya cikin wata ɗaya.

Jikin da bai saba da gishiri ba

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, don haka bari mu ɗan daɗe a kai. Waɗannan tsirrai sun koma cin ƙwari ne saboda talaucin ƙasar da suke fitowa: fadama mai tsami, ko jiƙaƙƙen yashi wanda ruwan sama ya wanke duk wani sinadari daga cikinsa. Naitirojin da fosfaras ɗin da sauran tsirrai ke samu ta saiwa, su ta ganye suke samu, daga jikin ƙwaro. Tun 1875 Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kan wannan, bayan ya yi ta gwada ɗora abubuwa iri-iri a kan ganyen mai raɓa yana duba yadda yake lanƙwashewa.

Abu biyu suka biyo bayan wannan rayuwa. Na farko, saiwarsu ba ta jure ruwa mai narkakkun sinadarai. Ka taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatur ko albasa ka ga ruwa na tsattsafowa? Ruwa yana bin inda gishiri ya fi yawa. Idan ƙasar tukunya ta tara gishiri, kowane iri ne, ba na miya kaɗai ba, sai saiwar ta kasa jan ruwa, bakinta ya ƙone, tsiron ya yi yaushi alhali yana zaune cikin ruwa. Masu kiwonsu kan nemi ruwan da narkakkun sinadaransa ba su wuce miligiram 50 a lita ɗaya ba, musamman ga mai tarko da mai raɓa da mai kakaki. Mai tulu ya ɗan fi su haƙuri. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa sun zarce wannan, na leda ma an tace shi ne don sha, ba lallai an cire masa sinadarai ba. Ruwan sama mai tsafta shi ne mafi sauƙin samu, sai ruwan da aka turara aka tara tururinsa. Idan za ka sayi na biyun a wurin masu batir, ka yi hattara ƙwarai, don abin da muke kira ruwan batir asid ne. Ka tabbata turarren ruwa zalla aka ba ka.

Na biyu, ganyensu baki ne. Yawancin tsirrai suna da wata fata mai kakin zuma da ke hana abu shiga ganye. Su kuwa waɗannan, a wuraren da suke narkar da abinci, fatar tana da ƙofofi, don ta nan abincin ke shiga. Duk abin da ka fesa a wurin, hanya a buɗe take gare shi.

To yanzu duba magungunan gida da aka saba. Sabulun kashe ƙwari da ake sayarwa don lambu gishirin fotasiyam ne da aka haɗa da mai, kuma yana da kaifin kanwa. A kan barkono ba komai, a kan mai raɓa kuwa yana wanke danƙon ya ƙona gashin, abin da ya gangara tukunya kuma ya taru a saiwa. Garin wanki da sabulun wanke kwanuka sun fi shi muni, don suna ɗauke da wasu gishirin da turare. Toka, wadda iyayenmu ke barbaɗa wa shuka kuma tana aiki a inda ta dace, ita ma cike take da fotasiyam da kalsiyam, tana kashe tsamin ƙasa, tsamin da tsiron ke rayuwa da shi. Bakar hoda haka. Maganin funfuna mai jan ƙarfe a ciki shi ma masu kiwon waɗannan tsirrai sun daɗe da sanin yana kashe su. Sai wani tarko da ke kama mutane da yawa: maganin ƙwarin da aka haɗa da taki a kwalba ɗaya, wai ka kashe ƙwari ka ciyar da shuka lokaci guda. Takin da ke ciki ya isa ya gama da tsiron.

Ka fara sanin wanda ya shigo

Kafin ka taɓa komai, ka ware tsiron daga sauran, ka samo gilashin ƙara girma ko ka yi amfani da kyamarar wayarka, ka duba tsakiya da bayan ganye da gindin. Biyar ne aka fi gani a ɗaki.

Darɓa mun riga mun yi maganarta: ganye a murɗe, danƙo-danƙo, da fararen ɓawon da suke bari idan sun yi saɓa. Na biyu shi ne ƙwaro mai farin gari, wanda za ka ga kamar an manna ɗan ɓurɓushin auduga a hammatar ganye. Ya fi son mai tulu da mai kakaki, kuma yana ɓuya a gindi, ƙarƙashin busassun tsofaffin ganye, wani lokaci har cikin saiwa. Ɗan'uwansa mai ƙoƙo yana manne ne a jikin kara kamar ɗan ƙurji mai ruwan ƙasa, ba ya motsi. Idan ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin tsiron, ka ƙara dubawa, don tana kiwon darɓa da mai farin gari saboda zaƙin da suke fitarwa, har ɗaukarsu take tana kai su sabon wuri.

Na uku 'yan siraran ƙwarin nan ne da ake kira tirifs, waɗanda manoman albasa ke fama da su. Alamarsu zane-zanen azurfa a kan ganye da 'yan ɗige-ɗigen baƙi, kashinsu ke nan. Na huɗu jan gizo-gizon ganye, wanda bai kai rabin milimita ba. Ganye zai yi ɗige-ɗigen rawaya kamar an tsira shi da allura, ya dusashe, daga baya ka ga siririyar saƙa. Ka sa farar takarda a ƙasa ka kaɗa ganyen. Idan ɗigon da ya faɗo yana tafiya, su ne. Suna son zafi da bushewa, don haka lokacin hunturu da bazara, ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta busar da iskarsa, shi ne kakarsu. Ka riƙe wannan: ƙafarsu takwas, dangin gizo-gizo ne, shi ya sa yawancin maganin ƙwari ba ya taɓa su.

Na biyar 'yan baƙaƙen ƙudajen ƙasa masu tashi idan ka taɓa tukunya. Manyan ba sa ɓarna, hasali ma abinci ne ga mai raɓa da mai maiƙo. Tsutsarsu da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke cin 'yan saiwoyi, kuma jariran tsirrai ta fi yi wa illa.

Wani lokacin ma babu kowa. Tarkon Dionaea yana rufewa 'yan lokuta ne kawai a rayuwarsa sai ya yi baƙi ya mutu, wani ya fito. Tsohon tulu ma yana bushewa daga sama. Mai tarko da mai kakaki kuma suna yin barcin sanyi na wata uku zuwa huɗu a shekara, su yi kamar sun mutu. Idan ba ka ga ƙwaro da idonka ba, ka fara zargin ruwa da ƙarancin haske.

Ruwa, almakashi da tsinken auduga

Hanyar da ta fi ba mutane mamaki ita ce nutsarwa. Ka sami bokiti, ka cika shi da ruwan sama, ka nutsar da tsiron da tukunyarsa gaba ɗaya har ruwa ya rufe ganye, ka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Darɓa na numfashi ta wasu ƙofofi a gefen jikinta, ba za ta kai ba. Shi kuwa tsiron ɗan fadama ne, a inda ya fito ambaliya kan rufe shi ya fito lafiya. Ka kwashe duk abin da ya taso saman ruwan don kada su sake hawa lokacin fitarwa. Mai raɓa zai fito ba danƙo, ya yi kamar jiƙaƙƙiyar kaza, amma sabbin ganye za su zo da raɓarsu. Wannan dabara ta mai tarko ce da mai raɓa da ƙananan masu kakaki. Kada ka yi wa mai maiƙo ɗan Meziko, ruɓewa zai yi. Mai tulu ma gara ka wanke shi da feshin ruwa kawai.

Ga mai farin gari da mai ƙoƙo, ruwa ba ya ratsa kakin da suka lulluɓa da shi. Nan sai sifirit. Ka tsoma tsinken audugar goge kunne a ciki, ka dangwala wa kowane ƙwaro ɗaya bayan ɗaya. Sifirit na narkar da kakin ya busar da ƙwaron, sannan ya bi iska bai bar gishiri ba. Dangwalawa na ce, ban ce ka yi wa tsiron wanka da shi ba, kuma kada ya taɓa gashin mai raɓa ko fuskar ganyen mai maiƙo. Ka ɓare busassun ganyen gindi, don nan ne maɓoyarsu. Idan sun shiga saiwa, sai ka tuge tsiron, ka wanke saiwar tas, ka zubar da tsohuwar ƙasar, ka dasa a sabuwar gansakuka marar taki da wankakken yashi.

Ganyen da tirifs ko jan gizo-gizo suka cinye, yanke shi ka ƙulle a leda ka fitar daga gidan. Tirifs a cikin naman ganye suke saka ƙwai, don haka almakashi na kwashe abin da feshi ba zai kai gare shi ba. Jan gizo-gizo kuma ka riƙa wanke bayan ganye da feshin ruwa mai ɗan ƙarfi duk bayan kwana biyu ko uku.

A ganina, ga mai tukunya biyu ko uku a taga, waɗannan sun isa a mafi yawan lokuta. Inda mutane ke faɗuwa shi ne yi sau ɗaya. Ƙwai da waɗanda suka ɓuya za su dawo, don haka duk abin da ka yi, ka maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, aƙalla sau uku.

Bakteriyar da ke zaɓen wanda za ta kashe

Shawarar da ake ba masu fulawa a kan ƙudajen ƙasa ita ce a bar tukunya ta bushe. Kai ba ka da wannan damar, tsironka ba ya jure bushewa. Abin da ya dace da kai shi ne Bti, wata bakteriyar ƙasa da aka gano a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negev. Tana yin wasu ƙananan duwatsun furotin waɗanda ba sa narkewa sai a hanjin da ke da kaifin kanwa, kuma ba sa kamawa sai a bangon hanjin tsutsar sauro da danginta. Idan tsutsar ta ci, hanjinta ya huje ta mutu. Cikin mutum da na kyanwa tsami ne da su, kuma babu wurin da gubar za ta kama. Yankinmu ma ya san ta: shirin yaƙi da makantar kogi da aka fara a Afirka ta Yamma a 1974, wanda ya haɗa da Nijar da Gana da Burkina Faso, ya yi amfani da ita a koguna bayan tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar ta fara jure maganin da ake zubawa.

Ana sayar da ita a dunƙule ko a gari don kashe tsutsar sauro. Ka jiƙa kaɗan a ruwan sama ka riƙa ban ruwa da shi sau ɗaya a mako har mako huɗu, don rayuwar ƙudan daga ƙwai zuwa babba takan ɗauki mako uku zuwa huɗu. Ka kafa takarda mai danƙo mai launin rawaya kusa da tukunya don kama manyan, ita ce kuma za ta nuna maka ko suna raguwa. Ko ka ajiye mai maiƙo guda a wurin ya yi aikin.

Sakin ƙwarin da ke cin masu ɓarna dabara ce mai tarihi. Da ita aka ceto rogon Afirka daga mai farin gari a farkon shekarun 1980, lokacin da masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan suka saki wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka samo daga Kudancin Amurka. Amma a kan taga mai cike da tarko, sojan da ka saki shi ne zai zama abincin dare. Wannan hanya ta fi dacewa da masu babban ɗakin rainon tsirrai.

Dogon yaro fa?

Na san wannan tambayar na bakinka, tunda bishiyar na ƙofar gida. Maganin gaske ne. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar dogon yaro, kuma a 1968 aka ware sinadarin da ke aikin, azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma rikita masa saɓa ta yadda ba zai girma ba. Shi ya sa ba ya kashewa nan take, sai bayan kwanaki.

Matsalar tana wurin man. Mai ba ya haɗuwa da ruwa sai an sa sabulu, ka ga mun koma gidan jiya. Man kansa kuma yana toshe gashin mai raɓa da ganyen mai maiƙo, don haka su biyun a cire su daga lissafi. Mai tulu da mai kakaki masu kaurin ganye sukan jure shi idan an tsarma sosai, mai tarko kuma sai a hankali. Idan ka samu wanda aka tace azadiraktin ɗin ba mai a ciki, ya fi. Ka rufe bakin tukunya da leda lokacin feshi don kada ya gangara ƙasa, kada kuma ka fesa da rana tsaka, mai da zafin rana ƙuna suke haifarwa.

Idan ta kai ga kwalba

Wani lokaci abin ya fi ƙarfin hannu, musamman tirifs da mai farin garin da ya shige gindi. Abin mamaki shi ne wasu magungunan kanti sun fi sabulu sauƙi a jikin waɗannan tsirrai, saboda ɗan kaɗan ake sawa kuma ba gishiri ba ne. Sau da yawa abin da ke ƙona ganye shi ne ruwan da aka narkar da maganin a ciki. Ka duba takardar jikin kwalba: haruffan EC na nufin an narkar da shi a wani mai dangin fetur, ka guje shi idan da hali. Waɗanda aka rubuta SC ko SL ko WG, ruwa ake dama su da shi, sun fi dama-dama. Maganin gwangwani na feshi kuwa, irin na sauro, kada ya kusanci tsiron. Idan ma za ka yi wa ɗaki filit, fitar da shi tukuna, kuma kada ka tsinci ƙudan da filit ya kashe ka ba shi.

Ga tirifs, sifinosad ne aka fi yabawa, wanda ake samu daga wata bakteriyar ƙasa. Fairetirin, da ake tatsa daga wata fulawa da ake nomawa a Kenya da Tanzaniya, yana kashe darɓa nan take kuma haske na lalata shi da wuri. Amma shi da danginsa na masana'anta guba ne ga kifi, fametirin kuma yana iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi da kyau. Idan kana da ɗayansu a gida, ka nemi wata hanya.

Akwai kuma masu shiga jikin tsiro su bi ruwansa, irin su imidakulofirid da asetamifirid, waɗanda ke kai wa ga ƙwaron da ya ɓuya. Suna aiki a kan darɓa da mai farin gari, amma da sharaɗi biyu. Suna kaiwa har fure, kuma saboda illarsa ga ƙudan zuma Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakulofirid a fili a 2018. Don haka idan tsiron zai fita waje, yanke sandar furen. Sannan ba sa kashe jan gizo-gizo, an ma sha ganin ya ƙaru bayan an yi amfani da imidakulofirid. Shi nasa maganin daban ne, irin su abamektin, kuma yana saurin sabawa da magani idan aka yi ta maimaita iri ɗaya.

Guda ɗaya ne zan ce kada ka ko fara: fiya-fiya, wato daikulobos. Tururinsa kake shaƙa a rufaffen ɗaki, yana kuma taɓa jijiyoyin mutum kamar yadda yake taɓa na ƙwaro. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a ƙananan kwalabe. Babu tsiron da ya kai a kawo wannan ɗakin kwana saboda shi.

Duk wanda ka zaɓa, ka dama shi da ruwan sama daidai yadda takardar ta ce, kada ka ƙara wai don ya fi aiki. Ka gwada a ganye ɗaya ka jira kwana biyu ko uku. Ka fitar da tsiron tsakar gida ko baranda da yamma, ka sa safar hannu da takunkumi, ka fesa a bayan ganye da gindi, ka kauce wa cikin tulu da cikin tarko, sannan ka bar shi ya bushe sarai kafin ya koma ɗaki. Ruwan da ya taru a farantin ƙasan tukunya ka zubar da shi inda kyanwa ko kaji ba za su sha ba.

Ganyen da ya riga ya murɗe ba zai miƙe ba, don haka kada ka auna nasara da shi. Ka sa ido a kan na tsakiya masu fitowa. Idan biyu ko uku sun fito a miƙe da cikakken tarko, ka tsallake. Sabon tsiron da za ka sayo nan gaba kuma, ko da ya yi kyau a ido, ka ajiye shi a wata taga daban na mako uku zuwa huɗu kana leƙa gindinsa kafin ka haɗa shi da sauran.